Karatun da Zai Bi Ka Ko Sana'a Ta Sauya: Jagora ga Ɗaliban Jami'a a Zariya

Wanda ya zauna a Samaru a farkon shekarun 2000 zai tuna 'yan lema. Bayan shigowar wayar salula a 2001, duk inda ka waiwaya tsakanin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da kasuwa sai ka ga tebur da kujera da lema, da yaro ko yarinya riƙe da waya, ka biya kuɗin minti ka kira gida. Ba a jima ba kowa ya mallaki tasa, 'yan lema suka koma sayar da katin waya. Shagunan intanet da muke bin layi don duba saƙo suka yi tashensu, sannan suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yau lemar tana nan, amma abin da ke ƙarƙashinta na'urar POS ce, gefe kuma ga mai gyaran waya da mai haɗa sola. Titin bai gusa ba, amma sana'ar cikinsa ta juya sau uku ko huɗu kafin yaron da aka haifa a lokacin ya gama digiri.

Kada ɗalibi ya ce ai wannan labarin 'yan bakin titi ne. Masaƙun Kaduna sun ɗauki injiniyoyi da akantoci da masana sinadarai, da suka durƙushe kowa ya kama gabansa, wasu da furfurarsu suka fara koyon sabuwar hanyar neman abinci. Na daɗe ina koyarwa a garin nan, kuma in na haɗu da tsofaffin ɗalibaina a ɗaurin aure ko jana'iza, kaɗan ne nake samu suna yin ainihin abin da ke rubuce a takardar shaidarsu. Abin da na lura shi ne, waɗanda sauyin bai kayar ba su ne waɗanda tun suna makaranta suka saba koyon abu da hannunsu. Waɗanda suka saba a karanta musu su rubuta, su haddace su zubar ranar jarrabawa, su ne ke zaune suna jiran aikin da aka yi musu alkawari.

Abin da nake nufi da koyo a aikace

Ba baƙon abu ba ne a Zazzau. A makarantar zaure ɗalibi ne ke jan baƙi da bakinsa, malam na saurare yana gyara. A cikin birni ba a koyon ɗinkin babbar riga da kallo, sai allura ta soke yatsa. Ɗaliban likitanci a asibitin koyarwa na Shika a bakin gadon majinyaci suke gane abin da suka karanta, masu karatun aikin gona kuma akwai shekarar da suke yi a gona. Tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke shiga Samaru da ƙauyukan kewaye su saurari matsalolin mutane, su shirya wasa a kansu tare da su. Duk wannan abu ɗaya ne: mai koyo shi ke aikin, malami na tsaye yana gyara.

Bincike ma ya tabbatar. A 2014 wani masani a Amurka, Scott Freeman, da abokan aikinsa suka tattara nazarce-nazarce 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da injiniyanci da lissafi. A ajin da malami ke zuba lakca kawai, kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa. A ajin da ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa, kusan kashi 22 ne. Wato ko don cin jarrabawa kawai, hanyar ta fi. Amma ni abin da ya fi damuna yana gaba da jarrabawa.

Mataki na farko: rufe littafin

Wannan za ka iya fara shi yau da dare, ba ya buƙatar ko sisi. Yawancin ɗalibai karatunsu maimaita kallo ne. A zauna a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim awa huɗu ana bin handawut da ido, ana ja masa layi da biro, a tashi ana jin an iya. Ganin abu ka gane shi daban, iya fito da shi daga kanka daban.

Ga yadda za ka yi. Ranar da aka yi lakca, kafin ka kwanta, ɗauki farar takarda, littafinka a rufe. Rubuta duk abin da ka tuna na tsawon minti goma, da kalmominka, ko da Hausa ne. Sannan ka buɗe littafin ka cike gurbin da jan biro. Jan da ka gani shi ne abin da ba ka iya ba, a nan za ka sa ƙarfinka. Ka sake yi bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin mantuwa a farko-farkon nan take faruwa, kuma waiwaye lokaci-lokaci ne ke tsayar da ita. Mahaddatan Alƙur'ani sun riga shi sani, shi ya sa ba sa wasa da muraja'a.

Ranar farko takardar za ta ba ka kunya, watakila layi biyar kawai za ka iya. Kada ka karaya, kowa haka ya fara. Ƙari a kan haka, kafin ka shiga kowace lakca ka leƙa darasin ka rubuta tambayoyi biyu. Ko ba ka samu damar yinsu ba, kunnenka zai shiga ajin yana neman wani abu.

Mataki na biyu: nemi waɗanda za ka koya wa

Kowane sashe yana da gwanin tutoriyal, wanda ana gab da jarrabawa yake tara mutum ɗari a aji yana warware musu tsofaffin tambayoyi. Ka lura, shi ne ke fita da sakamako mafi kyau, kuma ba don ya fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne kawai. Shi kaɗai ne a ɗakin yake koyo a aikace, sauran lakca ta biyu suke sauraro.

Ku haɗu mutum huɗu ko biyar, kada ku wuce haka, don taro in ya yi yawa hira yake komawa. Sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi. A raba darasi, kowa ya tsaya ya yi bayanin nasa ba tare da takarda a hannu ba, sauran su yi masa tambaya har sai ya kai inda ya tsaya. Wanda ya fi rauni shi zai fara, gwanin ya zo ƙarshe. 'Yan mata da yawa sun fi sakewa in su kaɗai ne, to su kafa nasu a ɗakin kwana, babu laifi. In da hali, sau ɗaya a wata ku gayyato wani daga wani sashe daban. Ranar da ka iya fahimtar da ɗalibar shari'a daga harabar jami'a ta Kongo yadda taransifoma ke aiki, ka iya shi ke nan, kuma ka fara koyon magana da wanda ba ɗan fanninka ba. Duk sabon wurin aikin da za ka shiga nan gaba, irinsu za ka tarar.

Mataki na uku: fitar da kwas ɗaya waje da ƙofar makaranta

A nan zan daɗe, don shi ne ƙashin bayan maganar. Kowane zangon karatu ka zaɓi kwas guda ɗaya, ɗaya tak, ka nemo masa matsala ta gaske a gari.

Wani ɗalibina da ke karatun akanta ya taɓa yin haka da wani mai shagon hatsi a kasuwar Sabon Gari. Dattijon yana da littafin bashi mai bangon kwali, duk gefensa ya yi baƙi saboda shafar hannu. Sunaye a ciki wasu da boko, wasu da ajami, wasu ma alama ce kawai da shi kaɗai ya san mai ita. Yaron ya ce masa, “Baba, so nake in riƙa zuwa ranar Asabar ina taya ka lissafi, ba sai ka biya ni ba, karatuna nake son in gwada.” Dattijon ya dube shi ya ce, “To ɗana, zauna mu gani.” Mako biyu bai bar shi ya taɓa littafin ba, sai awo da ɗaure buhu. A mako na uku ya miƙa masa. Da yaron ya jera bashin a kan takarda, kowa da ranar da ya karɓa, sai ga shi mutum uku ne ke riƙe da mafi yawan kuɗin shagon. Dattijon ya san suna da bashi, amma bai taɓa ganin jimlar a wuri ɗaya ba. Shi kuma yaron ya koyi abin da babu a handawut: cewa ɗaya daga cikin ukun surukin mai shagon ne, kuma ba kowane bashi ake bi da lissafi kaɗai ba.

Kowane fanni yana da irin wannan ƙofar. Ɗalibin sinadarai ko nazarin ƙananan halittu ya ɗebo ruwan rijiyoyin unguwarsu da rani da damina, ya nemi izinin gwada shi a ɗakin gwaji. Mai karatun Hausa ko aikin jarida ya ɗauki bayanin yadda ake shuka irin masarar SAMMAZ ko waken SAMPEA, waɗanda aka samar a nan Samaru, ya mayar da shi saƙon murya na minti biyu, ya kunna wa manoma biyar a Bomo ko Shika ya ji inda ba su gane ba. Mai karatun kwamfuta ya yi wa wata Islamiyya tsarin rajistar ɗalibai da kuɗin wata. Mai karatun injiniyan lantarki ya lissafa wa mai shagon aski yawan farantan sola da batirin da za su ɗauki kayansa.

Sai dai akwai ladabi. Ka shiga ta hannun wanda aka sani, ka yi sallama ka gaisa yadda ya kamata kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Ka faɗi tsawon lokacin da za ka yi, mako huɗu ko shida, kuma ka cika. Kada ka yi alkawarin abin da ba ka iya ba. Sirrin da ka gani, na kuɗi ne ko na iyali, ya tsaya a nan. Kuma kada ka je da girman kan ɗan jami'a, domin mutumin da ya shekara talatin a sana'arsa ya san abubuwan da ba ka sani ba. In ka yi haka kowane zango, kafin ka gama digirin shekara huɗu ka taɓa ayyuka bakwai ko takwas na gaske.

Mataki na huɗu: sana'a ta biyu, kusa da ta farko

Akwai abubuwan da ke bin mutum duk inda ya koma: iya rubuta shafi ɗaya mai ma'ana da Hausa da Ingilishi, iya sarrafa alƙaluma a Excel, iya tsayawa gaban mutane minti biyar ya yi bayani, da iya tambaya. Waɗannan ka ɗauke su farilla.

Bayan su ka zaɓi sana'a guda da ke maƙwabtaka da karatunka. Kafin ka zaɓa, nemi mutum uku da ke cin abinci da ita ka tambaye su: me kuke yi daga safe zuwa yamma, da me kuka fara, me ya fi wahala? Matambayi ba ya ɓata. Akwai darussa kyauta a YouTube, akwai kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da fasahar zamani. Amma kallon bidiyo ma lakca ce, data kawai take ci in ba a yi hattara ba. Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina: duk awa ɗaya ta kallo, awa biyu ta gwadawa. Kuma a tsaya kan abu ɗaya aƙalla wata shida. Na ga masu tara takardun shaidar kwasa-kwasai goma a waya, amma ba za su iya nuna aiki ɗaya da suka gama ba.

Na san ba kowa ke da kwamfuta ba, wani ma abincin rana sai ya yi lissafi. Ku yi karo-karon lokaci a kan ta aboki, ku sauke darasi inda aka samu intanet ku raba a tsakaninku. Sana'ar hannu kuma, kamar ɗinki ko gyaran waya ko kiwon kaji, ba ta gaza ta kwamfuta daraja ba.

Mataki na biyar: SIWES ba hutu ba ne

Hukumar horas da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ƙirƙiro shirin SIWES, wato tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, a 1973 saboda masu ɗaukar ma'aikata suna kukan cewa masu digiri ba su san aiki ba. Abin takaici, ɗalibai da yawa sun mayar da shi neman sa hannu a littafin rahoto. Wata shida ne da ba za ka sake samun irinsu ba.

Ɗalibin Zariya ba shi da uzuri. Ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta faɗakar da manoma ta NAERLS a Samaru, ga ta binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, ga ta sinadarai ta NARICT da ta sufuri ta NITT ta wajen Basawa, ga ta fata da ƙirgi ta NILEST, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke nan tun 1964. Garuruwa kaɗan ne a ƙasar nan suke da irin wannan tarin. Fara nema tun zango ɗaya kafin lokaci. Tambayar da za ka yi ita ce: za a bar ni in taɓa kayan aiki? Ƙaramin wurin da za a miƙa maka sifana ya fi babban ofishin da za a ba ka kujera, matuƙar makarantarku ta amince da shi.

In ka shiga, ka riga kowa zuwa. Ka manne wa ma'aikatan ɗakin gwaji da masu gyaran injuna, su ne ke da aikin a hannu. Kowace Juma'a ka rubuta abu ɗaya da ka iya yi yanzu wanda ba ka iya ba ranar Litinin. In mako biyu suka wuce babu abin rubutawa, je ka sami mai kula da kai cikin ladabi ka ce, “Yallaɓai, ina son a ƙara mini aiki.”

Haka furojet ɗin shekarar ƙarshe. Kada ka saya, kada ka kwafa. Ɗauko ɗaya daga cikin matsalolin da ka taɓa a mataki na uku ka zurfafa shi. Shi ne karo na farko da za ka ɗauki tambayar da ba a san amsarta ba ka bi ta wata da watanni, kuma sauya sana'a ma haka yake.

Yajin aikin malaman jami'a kuwa ba ma fata, amma ya faru: kusan wata tara a 2020, wata takwas a 2022. In ya sake zuwa, a makon farko ka nemi wurin koyon sana'a, kada ka zauna jiran sanarwar janyewa.

Mataki na shida: ajiye shaida

Buɗe jaka ɗaya, a waya da kuma a intanet don kada ta ɓata. Duk aikin da ka gama ka sa hotonsa da bayanin layi biyar: mece ce matsalar, me na yi, me ya fito, ina na yi kuskure. In wanda ka yi wa aikin zai rubuta maka 'yar takarda, karɓa. Ranar da mai digirin tarihi zai nemi aikin tattara bayanai, wannan jakar ce za ta yi masa magana.

Ga 'yan uwana malamai

Na san abin da za a ce: aji mai mutum ɗari uku, babu wuta, babu lasifika, ga manhaja a gaba. Gaskiya ne. Amma akwai hanyar da Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, ya fito da ita a farkon shekarun 1990, kuma ba ta buƙatar lantarki. Bayan bayanin minti goma sha biyar, rubuta tambaya ɗaya a allo mai zaɓi huɗu, wadda ke gwada fahimta, ba hadda ba. Kowa ya yi tunani minti ɗaya shiru, sannan ya nuna amsarsa da yatsu a ƙirjinsa, yadda na bayansa ba zai gani ba. In kan ajin ya rabu, ka ce kowa ya nemi wanda amsarsu ta bambanta ya shawo kansa cikin minti biyu. A sake nunawa, sannan ka warware. In kusan kowa ya dace tun farko, wuce gaba. In kusan kowa ya kuskure, sake bayani.

Da na fara gwadawa ban faɗa wa ɗalibai dalili ba, sai wasu suka ɗauka gudun aiki nake yi. Wata ɗaliba ta same ni bayan aji ta ce, “Malam, mu dai a ba mu abin da zai fito.” Maganarta ta tsaya mini, domin tana da hujja: in jarrabawa hadda take tambaya, hadda za a yi. Tun daga nan nake bayyana dalili a ranar farko, kuma nake ware wani kaso na makin gwaji ga aikin da aka yi a gari, kowane rukuni ya gabatar a minti biyar, ni kuma in zaɓi wanda zai yi magana don kada mutum ɗaya ya ɗauke aikin. Sabuwar manhajar CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. A ganina wannan kason hakkin Zariya ne: noma, kiwo, fata, sufuri, da kasuwannin da ke kewaye da mu.

In ranar sauyin ta zo

Tana iya zuwa tun a bautar ƙasa, inda ake koyar da sana'o'i a shirin SAED, tana iya zuwa bayan shekara goma kana aiki. Ko yaushe ta zo, matakan nan ne za ka maimaita. Nemi mutum uku da ke cikin sabuwar sana'ar ka yi musu tambayoyin nan. Rubuta abin da ka riga ka iya wanda zai yi amfani a can, da abin da ya rage. Kada ka saki na hannu sai ka gwada sabon da yamma ko ƙarshen mako na wata uku, ka gama ƙaramin aiki ɗaya wanda wani ya yarda ya biya.

Abu mafi nauyi shi ne yarda ka koma yaro. Kwanaki na wuce ta Tudun Wada na ga wani tsohon ɗalibina a kan tsani, yana ɗaura farantin sola a rufin wani kanti. Ubangidan nasa da ke ƙasa yana ba shi umarni bai kai shi shekaru ba, kuma bai yi jami'a ba. Ya sauko muka gaisa, hannunsa duk ƙura. Ya ce wata huɗu ke nan da farawa, kuma shi ke yi wa ubangidan lissafin batiri yanzu. A aljihun rigarsa akwai ɗan littafi da jan biro. Ubangidan ya kira shi, sai ɗalibin nawa ya ce mini, “Malam, a yi mini afuwa,” ya koma kan tsanin.